Ambaliyar Jibiya da Agajin Majami'un Tsibirai

A daren 15 ga Yuli 2018, yayin da mutanen Jibiya ke barci, Allah ya saukar da ruwa kamar da bakin ƙwarya, gulbi ya tumbatsa ya afka wa unguwannin Kwata da Ɗantudu da Tukare, har gari bai waye ba sai da fiye da mutum 40 suka riga mu gidan gaskiya, ɗaruruwan gidaje suka zube, dabbobi suka salwanta. Da yake Gulbin Maraɗi bai san shingen kwastan ba, waɗansu gawawwakin sai a wajen Madarumfa, cikin ƙasar Nijar, aka tsamo su.

Duk wanda ya nazarci irin wannan ibtila'i zai tarar cewa, komai himmar hukuma, kafin motocinta su iso da shinkafa da tabarmi da barguna, maƙwabta ne ke tone ɓaraguzai, su ne ke wanka da sutura da jana'iza, su ne kuma suka san wace bazawara ce kunya za ta hana ta shiga layin rabo.

Wannan al'amari ya fi bayyana a tsibiran Indunusiya, inda girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku ke tayar da igiyar da ake kira tsunami, irin wadda ta halaka kusan mutum 230,000 a ƙasashe 14 ranar 26 ga Disamba 2004. A watan Oktoba 2010 wata ta sake faɗa wa tsibiran Mentawai, ta kashe fiye da 400. Da yake teku ta yi kwanaki tana hauka, jiragen agaji daga birnin Padang suka kasa isa ƙauyuka da dama, sai nauyin ya faɗa kan majami'u, domin galibin mutanen wurin Kirista ne, kuma malamin majami'a yana zaune cikinsu, ya san kowane gida da adadin 'ya'yansa. Shi ya sa ƙungiyoyin agaji irin su Caritas ke biyo da gudummawarsu ta hannun majami'ar gari, ba don ta fi kowa dukiya ba, sai don tana nan tun kafin musiba, ba ta kuwa tashi idan 'yan jarida sun watse.

Sai dai akwai sharaɗi mai nauyi. A lardin Ace na Indunusiya, wanda mutanensa Musulmi ne masu riƙo, bayan tsunamin 2004 an yi zargin cewa waɗansu baƙi sun fake da agaji don jan marayu zuwa addininsu, lamarin da ya so ya ɓata wa masu kyakkyawar niyya aikinsu. Manyan ƙungiyoyin Kirista kuwa, waɗanda tun 1994 suka amince da ƙa'idar da suka tsara tare da Red Cross, cewa ba a tallar aƙida da buhun abinci, suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Musulmi irin su jama'ar Muhammadiyya. A ganina wannan shi ne adalci, domin sadakar da aka bi ta da gori ko sharaɗi ladanta ya zube.

Mu ba mu da teku, amma muna da gulbi da damina, muna kuma da abin da ya fi majami'un Mentawai yawa: masallacin Juma'a da na unguwa, 'yan agajin Jama'atu da Izala da Fityanu, da hukuncin da malamai suka tabbatar cewa ceton wanda ruwa zai ci farali ne kifaya. Abin da muka gaza a kai shi ne tanadi. Da limamin kowace unguwa ta bakin gulbi da mai unguwa za su rubuta sunayen gidaje tun bazara, su ware wani kaso na zakka da waƙafi, su ayyana makarantar da za a fake, su sanya majami'un baƙin da kasuwancin iyaka ya tara a Jibiya cikin shawara, sa'an nan su riƙe lambar wayar takwarorinsu na Madarumfa, da lasifikar da ke kiran asuba ita ce za ta tashi mutane tun ruwa yana idon sawu.