Fate Mai Kauri: Tukunya Ɗaya Mai Riƙe Gida

Yau zancenmu a kan fate ne. Muna magana da mutanen ƙasar Boɗinga da ta Shagari musamman, tun daga Sifawa har Kajiji da Dandin Mahe, amma kowa ya ji ya ɗauka, gama tukunyarmu iri ɗaya ce.

Abin da muke so ku riƙe shi ne wannan: cika ciki dabam, ƙosar da jiki dabam. Yaro yana iya shan kunu tsararo safe da yamma, cikinsa ya yi tulu, amma hannuwansa su ƙanjame, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa su kumbura. Sai a ce maita ce ko iska. Ba haka ba ne. Tun 1933 wata likita, Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta bayyana wannan ciwo ga yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla. Rigakafinsa kuwa yana cikin rumbunku da bayan gidanku.

Abinci iri uku

Jikin ɗan Adam yana bukatar abinci iri uku. Na farko mai ba da ƙarfin aiki, watau gero da dawa da masara da mai. Na biyu mai gina jiki, watau wake da gyaɗa da kifi da nama da ƙwai da nono. Na uku mai tsare jiki daga cuta, watau ganye da kabewa da tumatir da 'ya'yan itace. Suna kama da duwatsun murhu: in an janye ɗaya, tukunya ba ta zama.

To, amfanin fate ke nan. Tuwo da miya aiki biyu ne, tukunya biyu, itace biyu, sa'an nan sau da yawa yaro yakan ci tuwo ya bar miyar. Fate kuwa kome yana haɗe, ko wane cokali aka ɗebo da tsaki da wake da ganye a cikinsa. Ga shi da taushi, tsoho marar haƙora da mai jego da mai jinya duk suna iya sha. Da hunturu kuma, ba abin da ke ɗumama jiki kamarsa.

Yadda za a dafa

Ga awo na gida mai mutum 6, da gwangwanin madara: tsakin dawa ko na masara gwangwani 4, wake 2, daƙaƙƙiyar gyaɗa 1. Sai busasshen kifi 2 ko 3, da ɓarin kabewa, da albasa, da tattasai, da daddawa, da mai ludayi 1, da ganye cike da ƙwarya, ko yakuwa wadda nan ƙasar Sakkwato ake kira sure, ko rama, ko alayyafo, ko zogale.

1. A jiƙa wake tun da dare, da safe a zubar da ruwan. Jiƙaƙƙen wake yana nuna da wuri, ba sai an cika masa kanwa ba. Kanwa in ta yi yawa tana kashe waɗansu sinadaran abinci masu amfani.

2. A wanke kifi da ruwan zafi, a ɓare shi, a tsince ƙayoyinsa sarai. Tarwaɗa ta fi sauƙin tsincewa. Mutanen Shagari da ke kusa da madatsar ruwa, in sun sami ɗanye, shi ma ya yi, sai dai a sa shi daga baya don kada ya narke. Busasshen kifin da ke warin maganin ƙwari kuwa, kada a saya ko da araha.

3. A dafa wake har ya yi laushi, sa'an nan a zuba kabewa da kifi da gyaɗa da kayan miya.

4. A barbaɗa tsaki kaɗan kaɗan ana motsawa, don kada ya yi gudaji. A rage wuta, a bar shi ya nuna.

5. Ganye shi ne na ƙarshe. A wanke shi tun ba a yanka ba, a zuba, a ba shi minti 5 ko kusa da haka, a sauke. Ganyen da ya daɗe a wuta ya yi hasarar wani sashi na amfaninsa.

Gishiri kuwa a nemi mai aidin, gama shi ne rigakafin maƙoƙo. In akwai lemon tsami a matsa bayan an sauke, yana taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake da ganye. Shayi kuwa yana rage ɗaukarsa, saboda haka kada a haɗa su zama ɗaya.

Rabon yaro

Iyayenmu mata, ku saurara da kyau. Jariri nonon uwa kaɗai zai sha har ya cika wata 6, ko ruwa ba ya bukata. Daga nan sai a fara ba shi abinci, ana ci gaba da ba shi nono har shekara 2. A ɗebi rabonsa tun ba a sa barkono da gishiri mai yawa ba, a murje shi da cokali, a sake duba ƙaya. Cikin yaro ƙarami ne, in an cika shi da ruwa ba sauran wurin abinci. Ga gwaji: ki ɗebo da cokali ki karkata. In ya zube kamar ruwa, ya yi tsararo. In ya tsaya a cokalin, ya yi daidai. Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 ko 3 a yini, daga wata 9 sau 3 ko 4. A ba shi ƙwanonsa dabam, don kada yayyensa su rinjaye shi.

Abin da za a kiyaye

Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna a zubar, gama akwai dafi a cikinta mai lalata hanta, dahuwa kuma ba ta kashe shi. An gane wannan dafi ne bayan 1960, sa'ad da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don cin abincin da aka haɗa da irin wannan gyaɗa.

A wanke hannu da sabulu kafin girki da kafin ba yaro abinci. A rufe tukunya saboda ƙuda. Da zafin bazara, abincin da ya wuce awa 2 a ajiye ya fara zama haɗari. In za a ci saura, a mai da shi wuta har ya tafasa. Yaro dai sabon dahuwa ya fi masa.

A rubuta, kada a manta

Kada wani ya ji kunyar fate, wai abincin talaka ne. A bakin tekun Amurka, wajen birnin Boston, akwai irinsa da suke kira cauda, na kifi da albasa da dankalin Turawa da madara. Asalinsa girkin masunta ne. Tun 1751 wata jarida a Boston ta buga yadda ake dafa shi, yanzu har akwai littattafan da ba kome a cikinsu sai wannan girki iri iri. Abin da madara ke yi a tukunyarsu, shi gyaɗa ke yi a tamu. Bambancinmu da su, sun rubuta nasu.

Mu ma ba baƙin alƙalami ba ne. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta aika jajis ƙauye ƙauye suna ilmantar da mata. To, ko wane gida a sami ɗan littafi. 'Yar makaranta ta zauna da kakarta, ta rubuta da boko ko da ajami: faten damina da tafasa da rama, faten kaka da sabon wake da kabewa, faten rani da ganyen da aka shanya a inuwa. A rubuta awo, da abin da za a sa in babu kifi, kamar ƙuli-ƙuli ko ƙarin wake. Amarya ta tafi ɗakinta da shi, ya fi mata wani kwanon jere.

Ku kuma masu gida, cefane a hannunku yake. Ranar kasuwa kada a komo da goro kaɗai. Kifi ɗaya da ƙullin ganye sun fi kuɗin allura sauƙi. Lokacin kaka kuma kada a sayar da wake da gyaɗa duka, a bar na gida har damina, gama da ruwan ciki akan ja na rijiya. Yaron da kuka ga yana ramewa ko ƙafafunsa sun kumbura, ku kai shi asibiti nan da nan, kada a jira.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.