Kuɗin Ƙaramar Hukuma da Gyaran Unguwanninmu

'Yan'uwa manoma, kowace damina sai mun ji labarin gidajen da ruwa ya ci. Sau da yawa laifin na rashin hanyar ruwa ne. Ruwa ya kwanta a lungu, ya jiƙa gindin katanga, katanga ta zube. Mai gida ya sayar da hatsi ko akuya ya sake gini, baɗi kuma haka. Ga samarinmu da suka yi aure suna neman wurin zama, ga malaman makaranta da aka turo mana ba su sami ɗakin haya ba. Saboda haka a taron ƙungiya akan yi tambaya cewa, don me Ƙaramar Hukuma ba ta gina mana gidaje masu sauƙin kuɗi? Kafin mu amsa, ya kamata mu san inda kuɗinta yake fitowa, da iyakar abin da zai iya yi.

Ina kuɗin yake fitowa?

Dattawa za su tuna da zamanin En'e, sa'ad da haraji da jangali suke cika baitulmali. A shekarar 1976 gwamnatin soja ta yi gyara, aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya ko'ina a Nijeriya. A 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, watau Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Yau ƙananan hukumomi 774 ne, yawancin kuɗinsu kuwa daga asusun tarayya yake zuwa kowane wata. Cikin kowace naira 100 da aka raba, gwamnatin tarayya tana ɗaukar naira 52 da kwabo 68, jihohi naira 26 da kwabo 72, ƙananan hukumomi duka naira 20 da kwabo 60. Wannan kaso shi ake rarraba wa su 774 ɗin.

Akwai kuma kuɗin da hukuma take tarawa da kanta, kamar kuɗin kasuwa, da na tashar mota, da na mahauta, da lasisi iri iri, da kuɗin da ake sa wa gidaje. A karkara wannan ba shi da yawa. In aka biya albashin malaman firamare, da ma'aikatan shan magani, da na ofis, abin da ya rage don ayyuka kaɗan ne.

Shekaru da yawa kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, inda gwamnoni suke da iko a kansa. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kada kuma a ba da shi ga shugabannin riƙo waɗanda ba a zaɓa ba. Ku riƙe wannan, gama yana ba ku ƙafar tsayawa in kun je tambayar ciyaman.

Da gwamnati ta gwada gina gidaje

A zamanin Shugaba Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, gwamnatin tarayya ta yi niyyar gina gidaje 2,000 kowace shekara a kowace jiha. Har yau a garuruwa da yawa akwai unguwar da ake kira gidajen Shagari. Amma sa'ad da soja suka karɓi mulki a ƙarshen 1983, ko rabin abin da aka yi niyya ba a gina ba. An gina waɗansu nesa da gari, babu hanya, babu ruwa, suka daɗe ba kowa a ciki. Kuɗin kwangila ya sa kowane gida ya yi tsada. Waɗanda suka samu kuwa, yawanci masu albashi ne. Manomi ba shi da takardar albashi da zai nuna, saboda haka rancen gida yakan wuce ta kansa.

To, in gwamnatin tarayya mai kuɗin mai ta kāsa, ina ga Ƙaramar Hukuma? A ce tana da kuɗin gina gidaje ashirin. Iyali ashirin ne za su amfana, wataƙila ma waɗanda suka san wani a ofis. In ta sa wannan kuɗi cikin lambatu da kwalbati da rijiyar burtsatse, dukan unguwa za ta amfana.

Wata hanya da hukumomi sukan bi ita ce rushe unguwar talakawa da sunan gyara. A watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta Jihar Legas ta rushe unguwar Maroko, mutane wajen 300,000 suka rasa wurin kwana a tsakiyar damina. Filin ya koma hannun masu kuɗi, talakawan kuwa suka watsu cikin waɗansu unguwannin da suka riga suka cika.

Abin da aka yi a Jakarta

Jakarta babban birni ne a ƙasar Indunisiya. Yawancin talakawansa suna zaune a unguwanni masu cunkoso da suke kira kampung, inda taɓo da ruwa kwance suke damun mutane. A 1969 gwamnan birnin, Ali Sadikin, ya ga cewa ba shi da kuɗin gina wa mutane gidaje. Sai hukumar birni ta bar gidajen yadda suke, ta shiga gyaran abin da ke tsakaninsu. Aka daɓe hanyoyin ƙafa da siminti, aka gina lambatu, aka kafa famfunan unguwa, da wuraren wanka da masai na jama'a, da makarantu da ɗakunan shan magani. Da kuɗin birni aka fara. Sai a 1974 Bankin Duniya ya shigo da rance, aka faɗaɗa aikin, har miliyoyin mutane suka amfana.

Ga abin lura. Da mutane suka ga hukuma ta zuba siminti a ƙofar gidansu, suka tabbata ba za a tashe su ba. Sai kowa ya shiga gyaran gidansa da kuɗin kansa, wannan ya sake rufi, wancan ya ƙara ɗaki. Mutum ba ya kashe kuɗi a kan gidan da yake tsoron a rushe gobe. Amma an sami matsala ɗaya: a wuraren da ba a shirya masu kula da lambatu ba, shara ta toshe su, ruwa ya koma inda yake dā.

Abin da aka yi a Orangi

Orangi babbar unguwar talakawa ce a bakin birnin Karachi na ƙasar Pakistan. A 1980 wani dattijo mai suna Akhtar Hameed Khan ya fara aiki a can. Wannan mutum ya san aikin ƙungiyoyin manoma, gama shi ne ya kafa su a Komila, cikin ƙasar da ake kira Bangaladash yanzu. A Orangi ƙazantar masai tana gudu a lungu, mutane suna jiran hukuma shekara da shekaru.

Shawararsa ita ce a raba aiki biyu. Aikin ciki na mutane ne, watau masai a cikin gida da bututun da ke bin lungu. Aikin waje na hukuma ne, watau babban bututun da ke kwashe na lunguna duka. Mutanen kowane lungu suka zaɓi shugaba, suka tara kuɗi, aka auna musu ƙasa, aka ba su aron kayan aiki, suka haƙa da hannunsu. Da yake babu ɗan kwangila a tsakani, kuɗin ya sauko ƙwarai. Ta haka gidaje fiye da 100,000 suka sami masai da bututu. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Aikin gayya ne da adashi aka haɗa da awo.

Me doka ta ɗora wa Ƙaramar Hukuma?

Tsarin mulki na 1999 ya lissafta ayyukanta. A ciki akwai gini da gyaran hanyoyi da lambatu, da fitilun titi, da masai na jama'a, da kwashe shara, da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Kun ga waɗannan su ne ainihin abubuwan da aka yi a Jakarta. Saboda haka in kun nemi lambatu, hakkinku kuke nema.

Sa'an nan akwai batun fili. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Amma a wuraren da ba a sa su cikin birni ba, Ƙaramar Hukuma tana da ikon ba mutum takardar zama a kan fili bisa ga al'ada, don noma ko don gini. Ita kuma tana iya taimakawa a yanka fuloti da hanyoyi tun kafin a fara gini. Unguwannin awon igiya da ke bakin garuruwanmu, inda ko amalanke ba ya wucewa, rashin wannan shiri ne ya haife su. Buɗe hanya bayan an gama gini, sai da rushe ɗakin wani.

Abin da ƙungiya za ta yi

1. Ku zaga unguwarku da damina, ku rubuta inda ruwa yake kwanciya, da gidaje nawa yake shafa. Ku zana taswira ko da ta hannu ce.

2. Ku zaɓi aiki ɗaya tak, ku nemi magini ko ma'aikacin sashen ayyuka ya yi muku lissafin siminti da ƙarfe.

3. Ku yanke abin da za ku kawo da kanku: yashi, tsakuwa, haƙa, abincin ma'aikata. Ku ajiye kason ƙungiya bayan kaka, a rubuce, a hannun ma'aji.

4. Ku tafi wurin kansilanku tare da mai unguwa ko dagaci, kafin a gama kasafin kuɗi na shekara mai zuwa. Abin da bai shiga kasafi ba, alkawarin baka ne kawai. Ku kai takarda, ku riƙe kwafi.

5. Ku tafi tare da maƙwabtanmu Musulmi. Ruwan lungu ba ya tambayar addinin mai katanga, hukuma kuwa ta fi jin muryar unguwa duka.

6. Ku naɗa masu share lambatu tun kafin a gama ginawa.

7. In unguwa ta gyaru, kuɗin fili zai tashi, masu saye za su zo. Ku gargaɗi juna kada a sayar da gado don kuɗin da zai ƙare cikin shekara guda. Ku taimaki gwauraye da marayu su sami takardar filinsu.

Ku tuna da labarin Nehemiya. Sarki ya ba da katako daga kurminsa, amma mutanen Urushalima ne suka yi ginin, da yawansu kowa ya gyara garun da ke daura da gidansa, suka gama cikin kwana 52. Nehemiya bai ji kunyar roƙon sarki ba, mutanen kuma ba su zauna suna jiran sarki ya zo ya kwaɓa musu ƙasa ba. Bari ƙungiyarku ta sa wannan magana cikin abubuwan da za ta tattauna a taronta na gaba, tun ruwa bai sauka ba. Allah ya ba shugabanninmu riƙon amana, ya ba mu haɗin kai. Amin.