Bindigar Gado: Kafin a Gyara Ta, a Duba Cikinta

Ƴan uwa manoma na Magarya da Dungas, a gidaje da yawa na ƙasarmu akwai tsohuwar bindigar toka. Wata tana rataye a bangon ɗaki. Wata tana soke cikin jinka, hayaƙi ya baƙanta ta. Kaka ya yi farautar barewa da ita, ya bar wa uba, uba ya bar wa ɗa. Idan ɗan ya tashi gyara ta, daga ina zai fara?

A ranin bara na je rangadin azuzuwan yaƙi da jahilci a wani ƙauye tsakanin Dungas da Dogo-Dogo. Da aka tashi daga karatu, wani magidanci ɗan aji ya ja ni gidansa. Mahaifinsu ya rasu, an raba gado. Ƙannensa sun ɗauki awaki, shi kuwa ya roƙi a bar masa bindiga. Gara ta cinye rabin ƙotarta. Kunamarta ta maƙale. Tsatsa ta rufe ƙarfen tun daga baki har gindi.

Ya ce, "Malam, ina so in tashe ta, in harba ta ranar auren ɗana. Gobe zan sa ƙarfen cikin wuta, tsatsar ta zube."

Allah ya sa akwai wani tsohon maharbi a zauren, abokin marigayin. Ya ce, "Kul, yaro! Miƙo ta nan."

Tsohon ya juya bakin bindigar wajen bangon ƙasa, inda babu kowa. Ya kau da fuskarsa daga bakin. Ya zura sandar ɗuri a hankali har ta tsaya, ya yi mata alama. Sai ya zaro ta, ya gwada ta a jikin ƙarfen daga waje. Sandar ba ta kai gindi ba. Saura yatsa huɗu.

Ya ce, "Ɗure take."

Zauren ya yi tsit. Marigayin ya bar farauta fiye da shekara 20 kafin rasuwarsa. Duk tsawon lokacin nan albarushi da harsashi suna ciki, yara suna wasa a ƙarƙashinta.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta. Ba a buɗe ta ta baya, balle a leƙa a gani. Maharban da kuwa sukan ajiye ta a ɗure saboda kura ko ɓarawon dabbobi. Albarushi kuma, muddin bai jiƙa ba, ba ya mutuwa don ya daɗe. Da ƙarfen nan ya shiga wuta, da ya tashi. Saboda haka duk wanda ya gaji bindiga ya ɗauka ɗure take. Kada ya leƙa bakinta. Kada ya hura da baki. Kada ya buga ta da guduma, kada ya kai ta kusa da murhu. Ya nemi wanda ya san ta. Tsohon nan ruwa ya zuba mata, ya jingine ta ta kwana biyu, sannan ya ƙwaƙulo ɗurin.

Haɗari na biyu ya fi ɓuya. Tokar albarushi da ke saura bayan harbi tana jawo laima. Damina bayan damina, tsatsa tana cin ƙarfen daga ciki. Kana iya goge waje ya yi ƙyalli kamar sabo, alhali ciki ya zama kamar ɓawon ƙwai. Wasu bindigogin ma tun asali da bututun ruwa aka ƙera su, ƙarfen da ba a yi shi domin wuta ba. Idan irin wannan ta fashe, hannun da ke tallafe da ita ne ke fara tafiya, sai idanu. Manomin da ya rasa yatsu ba ya riƙe hauya. A ganina, ƙarar harbi ɗaya ranar biki ba ta kai wannan farashi ba.

Ba raina maƙeranmu nake yi ba. Damagaram ta daɗe da sanin wannan sana'a. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa maƙera sun zuba igwa a cikin birnin Zinder. Amma maƙeri na gari shi ne zai fara gaya maka cewa ƙarfen da ya ruɓe daga ciki ba ya komawa sabo.

Da aka fitar da ɗuri, sai aka shiga gyara. An raba ƙarfe da ƙota. An jiƙa ƙarfen da kananzir kwana uku, aka goge da tsumma da toka mai laushi. Ba a kankare shi da magagari ba, don kada zanen da ke jikinsa ya ɓace. Aka shafe shi da man keken ɗinki. Man gyaɗa ba ya yi, domin yakan daskare ya yi danƙo. Masassaƙi ya auna tsohuwar ƙota, ya sassaƙa sabuwa da icen kirya, wanda gara ba ta cika ci ba. Zoben tagulla da layar fata da marigayin ya ɗaura, duk an mayar da su inda suke.

Wajen aiki na ƙarshe aka yi gardama. Tsohon ya ce maƙeri ya toshe kafar wuta, bindigar ta daina tashi har abada. Magidancin ya ƙi.

Ya ce, "Baba, bindigar da ba ta harbi ai sanda ce."

Tsohon ya ce, "To, me za ka harba? Yaushe rabonka da ganin sawun barewa?"

Ya yi shiru, domin bai taɓa gani ba. Daga Bande zuwa Waca, daga Guci zuwa Malawa, gona ce ke bin gona. Farin 1973 da na 1984 sun ƙarasa abin da noma da farauta suka rage. Gaskiya ne gawo ya dawo gonakinmu, tun da manoma suka koyi barin tsiron itace lokacin sassabe. Barewa dai ba ta dawo ba. Mai son ganinta sai ya nufi arewa mai nisa, wajen Termit, inda gwamnati ta keɓe gandun namun daji a 2012.

Ga kuma hukuma. Dokar farauta ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta shimfiɗa sharuɗɗan farauta, ta kuma hana kashe wasu namun daji sam. Riƙe bindiga ma yana bukatar izini, kuma gado ba takarda ba ce. Wanda ya gaji bindiga ya je wurin ma'aikatan gandun daji ko jandarmomi, ya faɗi abin da ke hannunsa, ya ji abin da doka ta ce. Ya fi a same ta a ɗakinsa ba zato.

Wajen goge-gogen, ƙarfe ya yanki magidancin a tafin hannu. Ya so ya barbaɗa ƙasa. Na hana shi. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ta rauni kuma take shiga jiki. Mun wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ya tafi gidan likita a ranar, aka yi masa allura.

Bayan mako guda ya kai bindigar maƙera da kansa, aka toshe ta. Na koma ƙauyen bayan girbi. An yi auren, da kalangu da guɗa, ba a yi harbi ba. Bindigar tana rataye can sama a zaure, inda hannun yaro ba ya kai. A ƙarƙashinta ya manna takarda. Da hannunsa ya rubuta sunan kakansa, da na mahaifinsa, da shekarar da aka gyara ta. Harafi ɗaya ya juya baya. Na nuna masa, ya ɗauko alƙalami.