TSEREN KEKE CIKIN RAIRAYI DA TAƁO
Zakaru biyu da samarin da ke biye da su

Duk wanda ya taɓa hawan keke ya bar kwalta a Agye ko a Gazawa ya nufi ƙauye, ya san inda gizo ke saƙa. Muddin mutum yana bisa babbar hanyar nan mai lamba ɗaya, wadda ta ratso Gidan Rumji ta bi ta Cadawa da Agye da Gazawa ta miƙe Tasawa, keke doki ne. Da ya sauka ya kama turbar gonaki kuwa, sai jigawa ta karɓe shi: ƙafar gaba ta nutse, kan keke ya shiga rawa, mahayi ya yi ta kici-kici har ya gaji ya dira ya tura. In damina ce, hanya kuma ta biyo ta Gulbin Kaba ko ta fadamun Gulbin Maraɗi wajen Tibiri, to, keken da ya ɗauko mutum daga gida shi ma sai an saɓa shi a kafaɗa an ƙetare da shi. Ɗan makaranta da ɗan koli da manomin aya ba su kiran wannan abu wasa. Amma a ƙasashen Beljik da Holand wannan wahala ɗin ce a ka mayar sana'a. A na biyan mutane kuɗi masu kauri su sha ta, dubban jama'a kuma su biya kuɗin ƙofa su tsaya cikin sanyi su yi kallo.

Sunan wasan siklokuros, watau tseren ratse bisa keke. A Faransa ya tsiro, inda a ka yi gasar ƙasa ta farko a 1902; gasar duniya kuwa ba a fara ta ba sai 1950 a birnin Pari, Jean Robic ya cinye. A kan shata fage mai zagaye, tsawonsa tsakanin kilomita 2,5 da 3,5, a bi da shi ta cikin ciyawa da taɓo da rairayi, a hau tudu a gangara, a gitta katakan da ba su wuce santimita 40 ba. Manya su kan yi ta zagayawa wajen awa guda, matasa minti 40. Faɗin taya ba ya wuce milimita 33. Akwai wurin canji a gefen fage, inda masu gyara ke tsaye da wani keke wankakke, domin taɓo ya kan cushe sarƙa da birki kafin a yi zagaye biyu. Lokacin wasan daga Satumba ne zuwa Fabrairu, watau daga kaka zuwa ƙarshen ɗari, daidai sa'ad da ƴan kokowa ke shiga fage a wannan ƙasa.

Abin da ke raba gwani da ɗan koyo a wannan wasa, rairayi ne. Gwani ya kan rage iskar taya, ya shigo da gudu, ya mai da nauyinsa baya, ya sassauta riƙon kan keke ya bar ƙafar gaba ta bi sawun da na gabansa su ka huda. Ba ya taɓa birki, ba ya kuma daina taka feda. In ya ji gudun ya mutu har mai gudu da ƙafa zai fi shi sauri, ba ya jira keke ya tsaya: ya kan dira ta hagu tun yana tafiya, ya saɓa keken a kafaɗar dama domin sarƙa ta yi nesa da jikinsa, ya ruga. Mai karatu na Gangara ko na Cadakori zai ce ai wannan ba labari ba ne, kowane yaro ya san haka. Gaskiyarsa. Bambancin dai shi ne keken zakara bai fi kilo bakwai ko takwas ba, alhali kuwa baƙin keken kasuwa da ke ɗaukar buhun gero ya ninka haka, wani ma ya fi.

KISHIN DA YA FARO TUN ƘURUCIYA

A watan Janairu na 1995 a ka haifi Mathieu van der Poel. Ɗan gado ne ta ko'ina: ubansa Adrie ya ci gasar duniya ta wannan wasa a 1996, kakansa na wajen uwa kuwa shi ne Raymond Poulidor, wanda Faransawa su ka fi so cikin mahayan zamaninsa. A Beljik a ka haife shi, amma tutar Holand ya ke ɗauka. Wout van Aert ya girme shi da wata huɗu, haifaffen Herentals ne a Beljik, kuma ba shi da irin wannan gado.

Duniya ta fara lura da su tare a 2012 a Koksijde, wani gari na bakin teku wanda fagensa tuddan rairayi ne zalla, irin wanda mutumin jigawa zai gani ya ji kamar yana gida. A gasar matasa ƴan shekara 17 da 18, van der Poel ya zo na ɗaya, van Aert na biyu. A wannan gasa ƴan Beljik su ka kwashe matsayi bakwai na farko a tseren manya, Niels Albert a gaba, gaban taron da ya haura mutum dubu hamsin. Amma abin da tarihi ya riƙe shi ne tseren yaran nan biyu. Bayan shekara biyu, a ajin ƴan ƙasa da shekara 23, van Aert ya rama a Hoogerheide, van der Poel ya tsaya na uku. A 2015 su ka tsallake ajinsu su ka shiga cikin manya a Tabor ta ƙasar Cek, dukansu suna da shekara 20, su ka bar manyan a baya: van der Poel na ɗaya, van Aert na biyu.

Sa'an nan sai rabo ya juya har shekara uku. A 2016 a Zolder, ƙafar van der Poel ta maƙale cikin wayoyin ƙafar keken van Aert a kan wani tudu, su ka tsaya suna ƙoƙarin rabuwa, sauran mahaya na wucewa. Van Aert ya murmure ya kamo na gaba ya ci. Abokin hamayyarsa bai murmure ba. A 2017 a ƙasar Luksambur, ƙanƙara ta narke ta tono duwatsu masu kaifi, tayoyi su ka yi ta fashewa kamar an bi ta ƙarƙashin aduwa. Na van der Poel sun fashe sau da dama, van Aert kuwa ya zo da tayar wani tsohon ƙira mai jurewa, ya ci. An ga van der Poel yana hawaye a wurin ba da lamba. A 2018 a Valkenburg, cikin taɓo mai nauyi wanda ƙarfin cinya ke aiki a cikinsa fiye da dabara, van Aert ya ci na uku a jere.

Tun daga nan bai sake ɗaukar rigar nan mai launin bakan gizo ba har zuwa 2025. Van der Poel ya ci a 2019 da 2020 da 2021 da 2023 da 2024 da 2025, watau bakwai ke nan da ta 2015, ya kamo Erik De Vlaeminck na Beljik wanda ya tara bakwai tsakanin 1966 da 1973. Cikin waɗannan bakwai, sau biyar van Aert ne na biyu. A 2021 a Ostand, inda fage ya ratsa rairayin bakin teku har ruwa na taɓa tayoyi, van Aert ne a gaba sa'ad da tayarsa ta sace. A 2023 a Hoogerheide sun yi awa guda kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya iya kakkaɓe wani, sai a miƙaƙƙiyar ƙarshe van der Poel ya riga shi zabura. Masu son van Aert su kan kawo waɗannan ranaku hujja cewa sa'a ce ta raba su. Akwai gaskiya a ciki, amma sa'a ba ta faɗa wa mutum guda sau bakwai. Van Aert ya fi ƙarfi in a ka shiga taɓo ko a ka dira a na gudu. Van der Poel ya fi hannu, ya kan wuce a kan keke inda kowa ke sauka, daƙiƙa biyu a nan, uku a can, kafin a ankara ya ɓace.

Duk da haka ba a raba su da ban mamaki. A watan Janairu na 2024 a Benidorm ta ƙasar Ispaniya, van der Poel ya yi karo da wani turke ya faɗi, ita ce kaɗai gasar da ta kuɓuce masa a wannan hunturu. Van Aert shi ma ya faɗi a zagayen ƙarshe, sirdinsa ya cire, ya ƙarasa haka nan ba sirdi, ya ci.

Game da ƙarfin jiki kuwa, al'amarin ya sake kama. Su biyun sun zama manyan mahayan kwalta: van der Poel ya ci gasar duniya ta hanya a 2023, ya ci Pari–Rube sau uku a jere daga 2023 zuwa 2025, van Aert ya ci Milan–San Remo a 2020, ya kai koriyar riga gida a zagayen Faransa na 2022. Saboda haka sai su ka rage shiga ratse, su kan ɓullo a Disamba su yi ƴan gasanni su koma. Rauni ma ya ci rabonsa. Ciwon baya ya hana van der Poel hunturun 2021 zuwa 2022, van Aert kuwa ya yi mummunan faɗuwa sau biyu a 2024. Mahayan da ke shan taɓo tun daga Satumba, irin su Michael Vanthourenhout, su ke tara makin shekara, amma sun san cewa ranar da baƙin nan biyu su ka iso, kokowar matsayi na uku ce ta rage musu.

MASU TASOWA

Wanda ya fara ƙwanƙwasa ƙofa shi ne Tom Pidcock na Ingila, zakaran matasa a 2017, na ƴan ƙasa da 23 a 2019, na manya a 2022 a Amurka, ko da ya ke a wannan shekara manyan biyu ba su je ba. Bayansa sai Thibau Nys, haifaffen 2002, ɗan Sven Nys wanda ya ci gasar duniya a 2005 da 2013. Thibau ya hau matakalar daki-daki: zakaran matasa a 2020, na ƴan ƙasa da 23 a 2023, zakaran Turai na manya a 2024, sa'an nan a 2025 a Liévin ya tsaya na uku kusa da mutanen biyu da ya girma yana kallo. Tibor Del Grosso na Holand ya ci ajin ƴan ƙasa da 23 a 2024 da 2025. Abin lura kuma shi ne a ajin matasa Beljik da Holand ba su da tabbas: Léo Bisiaux na Faransa ya ci a 2023, ƴan Italiya biyu, Stefano Viezzi da Mattia Agostinacchio, su ka biyo a 2024 da 2025. A wajen mata, Marianne Vos ta tara rigar duniya takwas, Fem van Empel ta ci uku a jere daga 2023, Zoe Bäckstedt ta Birtaniya kuma ta taso ta ajin matasa a 2022.

Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan, an san sunansa tun bai cika shekara 18 ba. Dalili kuwa a fili ya ke: yaro a ƙauyen Flandar yana da ƙungiya kusa da gida, yana da tseren tsararsa kusan ko wane mako na hunturu, akwai mai riƙe da agogo yana rubuta lokacinsa. In ya yi fice, ba ya ɓata.

Jihar Maraɗi ta san amfanin irin wannan matakala, gama ta gan shi a kokowa. Tun da a ka buɗe gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko, ɗan kokowa ya kan taso daga dandalin ƙauye zuwa zaɓen gunduma, daga can zuwa cikin mutum goma da jiha ke aikawa. Keke kuwa a nahiyar Afirka kwalta a ka ɗaura masa. Zagayen Faso na gudana tun 1987. Biniam Girmay na Eritiriya, wanda a ka tsinto yana matashi a ka kai cibiyar horo ta Aigle a Suwis, ya ci Gent–Wevelgem a 2022, ya ɗauki koriyar riga a zagayen Faransa na 2024. A 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar duniya ta hanya, karo na farko a Afirka. Gasar duniya ta ratse kuwa sau biyu kaɗai ta fita Turai, a 2013 da 2022, duka a Amurka.

Alhali kuwa cikin tseren keke duka, ba wanda ya kai ratse sauƙin shiryawa. Tseren kwalta yana bukatar a tsai da motoci, a sa jandarmomi a ko wace mararraba, a bi mahaya da motocin ceto na kilomita ɗari. Ratse gona guda ya ke bukata bayan an kwashe gero da wake: a share ƙaya da kututture, a kafa turaku a ja igiya, a bi da fage ta jigawa ya gangara geza ya hau gaɓar gulbi ya komo. Ƴan kallo na tsaye wuri guda suna ganin mahayi sau shida ko bakwai, kamar yadda su ke kallon kokowa. Keken da babu nauyi abu ne mai tsada, ba shakka, amma in kowa bisa baƙin keke ya ke, ba wanda a ka cuta, agogo kuma zai faɗi gaskiya. Masu faci na bakin kasuwar Cadawa da ta Gidan Rumji sun isa su tsare wurin canji. Malamin motsa jiki na ko wace sakandare a gundumomin nan uku, da agogo da littafin rubuta sunaye, zai iya sanin cikin hunturu guda wane ne cikin ɗalibansa ke ratsa rairayin bayan makaranta ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba.