Ƙwayar "Maido da Ƙuruciya": Abin da Dattawan Kurfai Ya Kamata Su Sani

A kasuwar Filinge da ta Baleyara, masu tallar magani a faranti ba su rasa ƙwayar da za su miƙa wa duk namijin da ya ce ƙarfinsa ya ja baya. Wasu har cewa suke yi tana maido da sinadarin girma. Wannan magana ba ta da tushe, kuma tana cinye kuɗin hatsin magidanta.

Sinadarin girma daga wata ƴar halitta yake fitowa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Ƙwaƙwalwa ce ke juya ta da saƙo biyu, ɗaya na sakin sinadarin, ɗaya na tsayar da shi, kuma mafi yawansa cikin barci mai nauyi na farkon dare yake fita. Yana kai ƙololuwa lokacin balaga. Daga wajen shekara 30 sai ya riƙa raguwa da kusan kashi 14 cikin ɗari duk shekara goma. Rijiyar ba ta ƙafe ba, mai jan guga ne ya rage hannu: saƙon saki ya yi rauni, barci mai nauyi ya gajarta, kitsen tumbi kuma yana daɗa danne shi. Wannan na cikin abin da ya sa tsoka ke sirancewa, teɓa ke fitowa.

Sinadarin nan furotin ne. In aka haɗiye shi, ciki zai narkar da shi kafin ya kai jini, don haka ta allura kaɗai ake ba da shi. Ko allurar ma ba ta cika alkawari ba. A 1990 likita Daniel Rudman na Amurka ya yi wa dattawa 12 ita tsawon wata shida, tsoka ta ƙaru, kitse ya ragu. Binciken da ya biyo baya bai nuna ƙarin ƙarfi na a zo a gani ba, sai kumburin ƙafa, ciwon gaɓoɓi da haɗarin ciwon suga.

Abin takaici, dattijon da kasala ta same shi farat ɗaya yakan ɗora laifin a kan tsufa, alhali wataƙila suga ne, ko hawan jini, ko ƙarancin jini, waɗanda awo a asibitin Filinge zai iya ganowa. Hukumomin lafiya sun san ana sayar da ƙwayoyin nan a fili, kuma aikinsu ne su hana. Mai gida kuwa ya samu isasshen barci, ya rage tumbi, ya ci gaba da motsa jiki, in rauni ya zo ba zato ya je a auna shi.