TURKANAWA DA 'YAN MISHAN

Kowa ya san Bafilatani ya san dukiyarsa a kan ƙafa huɗu ta ke. In ciyawa ta ƙare a nan, sai ya kaɗa shanunsa ya nufi gaba. To, ba a ƙasarmu kaɗai a ke samun irin waɗannan mutane ba. Can gabas, a ƙasar Kenya, akwai wata kabila ta makiyaya ana ce da su Turkana. Za mu ba ka labarin yadda 'yan Mishan suka shiga ƙasarsu da niyyar taimako, da abin da taimakon ya gyara, da abin da ya ɓata, domin ka ga taimakon makiyayi yana da hanya tasa dabam.

ƘASAR DA MUTANENTA

Ƙasar Turkana tana arewa maso yammacin Kenya, kusa da iyakar Uganda da Sudan ta Kudu da Habasha. Ƙasa ce mai zafi ƙwarai, mai duwatsu da rairayi da ƙaya. Daga gabas ta yi iyaka da wani babban tafki wanda tsawonsa ya kai mil 150. Da Turawa na kiransa Rudolf, amma a 1975 aka mai da sunansa Tafkin Turkana. Babban garinsu Lodwar. Da aka yi ƙidaya a 2019, an sami Turkanawa sun ɗan haura miliyan ɗaya.

Dabbobi iri biyar su ke kiwo: raƙuma, da shanu, da awaki, da tumaki, da jakuna. Abincinsu nono da nama, da jinin da su kan tsaga jijiyar wuyan dabba su ɗiba ba tare da sun yanka ta ba. In an sami ruwan sama, mata su kan shuka dawa kaɗan a bakin rafi.

Kada ka zaci yawon nan nasu na rashin dabara ne. A ƙasar da ruwa ya kan sauka nan ya tsallake can, wanda ya zauna wuri guda shi ne ya ke asara. Saboda haka maigida ya kan raba garkensa. Samari su hau tuddai da shanu inda ciyawa ta ke, mata da tsofaffi su tsaya a fili da raƙuma da awaki masu cin ganyen itace. Kuma kowane magidanci yana da aminai a wurare dabam dabam, waɗanda ya taɓa ba dabba. Ran da masifa ta cinye garkensa, sai ya bi su ɗaya ɗaya, kowa ya ba shi abin da ya sawwaƙa, ya sake kafa garke. Wannan ita ce ajiyarsu.

ZUWAN 'YAN MISHAN

Ingilishi sun ci ƙasar da yaƙi, suka kwashe dabbobi da yawa wajen 1918. Daga nan suka rufe ta, ba mai shiga sai da takardar izini. Saboda nisanta da wuyarta ne ma suka kai Jomo Kenyatta can suka tsare shi, da fari a Lokitaung, daga baya a Lodwar. Makaranta da asibiti kuwa sai abin da ba a rasa ba.

Cikin shekarun 1950 wata ƙungiyar Mishan mai suna Africa Inland Mission ta sami izini, ta zauna a Lokori, kudancin ƙasar, inda ta kafa asibiti. Amma abin da ya buɗe ƙofa sosai shi ne yunwa. A 1960 da 1961 aka yi fari mai tsanani, a bayansa kuma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya ƙarasa ramammun dabbobin da suka saura. Dubban mutane suka wayi gari ba ko akuya. Gwamnati ta kafa sansani inda a ke rabon tsaba, ta nemi 'yan Mishan su zo su kama mata.

Waɗanda suka amsa kiran Katolika ne, mutanen Ailan. Fada-fada na ƙungiyar Saint Patrick suka iso a ƙarshen 1961, sistoci masu aikin asibiti suka biyo su a 1962. Ƙungiyoyin nan biyu duka suna da asali da Nijeriya. Ta fada-fadan an kafa ta a 1932 domin aiki a wajen Kalaba, ta sistocin kuwa wata mace ce, Mary Martin, ta kafa ta a kudancin Nijeriya a 1937. Aiki ya yi ta haɓaka, har a 1978 aka naɗa John Mahon bishop na farko na Lodwar.

ABIN DA AKA SAMU

Gaskiya ita ce, sun ceci rayuka masu yawa. Sun ciyad da mayunwata, sun gina asibitoci da ɗakunan shan magani, sun haƙa rijiyoyi sun sa musu famfo. Sun buɗe makarantun kwana, domin yaron da iyayensa ke yawo ba shi da gidan da zai koma da yamma. Da yawa daga cikin Turkanawan da suka fara zama malamai da ma'aikatan Gwamnati, a makarantun nan suka koyi karatu.

Waɗanda suka rasa dabbobi kuma aka nema musu wata sana'a. Waɗansu aka kai su bakin tafki, wajen Kalokol, aka ba su taru su koyi su. Waɗansu aka yanka musu gonakin ban ruwa a bakin kogin Turkwel da na Kerio.

INDA AKA SAMI CIKAS

Sai dai duk abubuwan nan a wuri guda su ke. Asibiti ba ya tashi ya bi garke, makaranta ma haka. Wanda ke son tsaba da magani dole ya zauna kusa da gidan Mishan. Da haka sansanin yunwa ya zama ƙauye, ƙauye ya zama gari. 'Yan dabbobin da suka rage suka cinye ciyawar kewaye ƙarƙaf, aka sare itatuwa domin girki da gawayi. Mutumin da ya daɗe a gari kuwa zumuncinsa da aminan daji ya kan yanke, gama ba shi da dabbar da zai bayar, balle ya sa ran a ba shi. Yaron da ya shekara bakwai a makaranta ya kan fito bai iya kiwo ba, aikin albashi kuma ba ya isar kowa.

Sababbin sana'o'in ma ba su ɗauki mutane kamar yadda aka zata ba. Gonakin ban ruwa sun ci kuɗi da yawa, amfaninsu kaɗan. Gwamnatin Norwe ta gina babban gidan daskarad da kifi a Kalokol wajen 1980, amma yin ƙanƙara a wannan zafi ya fi kifin tsada, ruwan tafkin kuma ya janye daga wurin, sai gidan ya tsaya. Da Baturkane ya sami kuɗin kifi, awaki ya kan saya. Da fari ya komo a 1979 da 1980, tare da ciwon awaki da harin ɓarayin shanu, wajen mutum 80,000 suka koma cin tsabar taimako.

A hayin tafkin daga gabas akwai waɗansu makiyayan raƙuma, Rendille. Su ma garuruwansu biyu, Korr da Kargi, a gindin gidan Mishan suka tsiro, wajen rabon abinci. Cikin shekarun 1990 masu bincike suka auna 'ya'yansu, suka tarar 'ya'yan masu yawo sun fi na mazauna gari ƙiba da ƙoshi, har a shekarar fari. Dalili kuwa nono: na daji suna kusa da raƙuma, na gari sai masara.

Wajen addini ma akwai abin lura. Mafi yawan waɗanda suka shiga Kiristanci da fari mutanen sansani ne da 'yan makaranta. Na daji suka daɗe a kan al'adarsu, suna kiran Ubangiji da sunan Akuj. Har cikin 'yan Mishan kansu akwai waɗanda abin ya dama, suna tambaya ko mai jin yunwa da ya karɓi addinin mai ba shi abinci da zuciya ɗaya ya karɓa.

GYARAN DA AKA YI

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Sannu a hankali masu taimako suka fara tambayar makiyayan abin da su ke so, amsa kuwa ba ta wuce dabba da ruwa da lafiya ba. Cikin shekarun 1980 ƙungiyar Oxfam da waɗansu suka shiga sayen awaki da tumaki a cikin ƙasar, suna ba wanda ya tsiyace ɗan garke da jakin kaya, da abincin 'yan watanni, ya koma daji. Wannan ya yi kama da abin da Filanin Nijar ke kira haɓɓanaye, watau a ba mutum aron saniya har ta haifa masa, sa'an nan ya mayar.

'Yan Mishan kuma suka sa magani a mota suna bin mashaya. Aka koya wa waɗansu makiyaya allurar dabbobi. Mishan ta Lodwar ta kafa ƙungiyar makanikai masu gyaran famfo, jama'ar kowace rijiya su biya kuɗi kaɗan a shekara, in famfo ya lalace a zo a gyara. Wani fada mai suna Anthony Barrett ya zauna ya koyi harshensu har ya rubuta ƙamus.

Ka ga dai rabon tsaba ran yunwa wajibi ne, ba mai musun wannan. Amma in yunwa ta wuce, taimakon da ya fi amfani ga makiyayi shi ne wanda ya bi shi inda ya ke, ya mai da masa garkensa, ya bar shi ya ci da kansa. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.