Kafin Ka Biya Kuɗin Sabon Rim: Yadda Za Ka Gane Ko Zai Zauna Kan Babban Kalifan Birki

Yau za mu ɗan ajiye maganar manhajoji mu leƙa ƙarƙashin mota, amma wayarka na da aiki a ciki, don haka kar ka ajiye ta nesa.

Matasa da yawa a Haɗeja da kewaye yanzu idan suka samu Corolla, Camry ko Accord, abu biyu suke fara taɓawa: rim da birki. A sayo rim mai sheƙi daga Kofar Ruwa a Kano ko a yi oda daga Ladipo a Legas, sannan a ɗaura kalifa babba da aka ciro daga wata mota. Kalifa shi ne ƙarfen nan da ke rungume da faifan birki, yana matse shi idan ka taka. Matsalar ita ce, su biyun ɗaki ɗaya suke kwana. Rim yana juyawa, kalifa yana tsaye a cikinsa, kuma tazarar da ke tsakaninsu wani lokaci ba ta kai kaurin ashana biyu ba. Idan suka haɗu, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne rim ya ƙi shiga, ka yi asarar kuɗin mota zuwa Kano. Mafi muni shi ne ya shiga da ƙyar, ya riƙa gugar kalifa kana gudu a hanyar Gujungu, yana cin ƙarfen a hankali ba ka sani ba.

Inci 17 ba ya nufin komai ya yi

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar girman rim a matsayin amsa. Mai shago zai ce maka, "Ai sha bakwai ne, zai ɗauka." Wannan lambar tana faɗin inda bakin taya ke zama ne kawai. Cikin rim kuwa ba a miƙe yake ba. Akwai wani kwari da ake yi masa a jiki domin mai faci ya iya sa taya da cire ta, kuma wannan kwarin ta ciki tudu ne da ke matsowa kusa da kalifa. A wani rim tudun yana can gefe, a wani kuma daidai saman kalifa yake faɗowa. Shi ya sa za ka ga rim biyu, duka inci 17, ɗaya ya shige lafiya lau, ɗaya ya tokare.

Wurin tokarewa biyu ne. Na farko saman kalifa da cikin gangar rim. Na biyu fuskar kalifa da bayan hannuwan rim, wato ƙarafan nan da suka fito daga tsakiya zuwa baki. Na biyun shi ya fi yaudarar mutane. Kalifan da yawancin motocinmu ke zuwa da shi fistin ɗinsa ta ciki kawai yake, ɓangaren waje siriri ne. Manyan kalifofi irin na Brembo ko Wilwood masu fistin huɗu ko shida kuwa, fistin ɗinsu ta ɓangare biyu yake, saboda haka suna bulluƙowa waje sosai. Rim mai hannuwa a miƙe sai ya same su, mai hannuwa da suka lanƙwaso waje sai ya tsallake.

Juya rim ka duba bayansa, za ka ga rubutu kamar haka: 17x7.5J ET40. Sha bakwai girma ne, bakwai da rabi faɗi ne da inci, ET kuma tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne wa mota ce, da milimita. Lambar ET tana raguwa, rim yana fitowa waje. A ce motarka tana da 16x6.5 ET45 ka koma 17x7.5 ET40. Faɗi ya ƙaru da inci ɗaya, wato milimita 25.4, rabi ciki rabi waje, 12.7 kowane ɓangare. ET kuma ya tura shi waje da milimita 5. Bakin waje zai fito da 17.7, bakin ciki zai matsa kusa da shokazoba da 7.7. Shafuka irin su willtheyfit.com za su yi maka wannan lissafin a waya har da zane, wheel-size.com kuma zai ba ka ma'aunin da motarka ta fito da shi daga kamfani.

Sai dai ka riƙe wannan: duk waɗannan shafukan ba su san siffar hannuwan rim ɗin da ke hannunka ba. Suna gaya maka ko taya za ta goge jikin mota ko shokazoba, ba sa gaya maka ko kalifa zai sha. A aikinmu na rubuta manhaja muna cewa lissafi ba ya wuce bayanan da aka ba shi, to nan ma haka ne.

Manhajar awo ta waya fa?

Na san wani zai ce ai iPhone tana da Measure, wasu ma tun daga iPhone 12 Pro suna da LiDAR. Don auna ɗaki ko labule ba laifi. Amma kuskurenta na santimita ne, mu kuma muna neman milimita uku, a cikin lungu mai duhu, a jikin ƙarfe mai ƙyalli da ke rikita kyamara. Google ma ta janye tata manhajar Measure tun 2021. Ka bar wannan, ruler ɗin 'yan makaranta ta fi ta amfani a nan.

Abin da ke aiki shi ne takardar gwaji. Kamfanonin birki irin su Wilwood suna sa zanen gefen kalifansu a shafukansu na intanet, yawanci a PDF. Za ka buga, ka manna a kwali, ka yanke, ka saka cikin rim ka ga ko ya taɓa. Da wannan kwalin a aljihu za ka iya shiga kasuwa ka gwada rim goma ba ka kwance noti ko ɗaya ba.

Wajen bugawa ne ake faɗawa rami, kuma a nan nake son ka nutsu. Zanen da ya fito daga Amurka sau da yawa an tsara shi ne a kan takardarsu mai faɗin milimita 216, alhali A4 da muke amfani da ita 210 ce. Idan ka kai shagon kwamfuta, firinta za ta rage zanen da kanta don ya shiga takarda, da kamar kashi uku cikin ɗari ko fiye. Kashi uku kamar ba komai ba ne, amma a tsawon milimita 170 ya kai milimita biyar. Ka ga ya cinye tazarar da kake nema gaba ɗaya har da ƙari, kuma ta ɓangaren da zai cuce ka, domin kwalin zai nuna maka akwai wuri alhali babu. Ka tsaya a kan mai shago ya sa 100%, ya cire zaɓin daidaita zane da takarda. Kada ka ɗauki hoton allo ka tura masa ta WhatsApp, ka tura ainihin fayil ɗin a matsayin dokumen. Bayan an buga, nemi ma'aunin gwaji da ake sawa a jikin zanen ka ɗora ruler. Idan bai yi daidai ba a sake bugawa, naira nawa ce takarda?

To amma mu faɗi gaskiya, yawancin kalifofin da ake ɗaurawa a nan 'yan kwatano ne da aka ciro daga wata babbar mota, ba su da PDF a ko'ina. Sai ka haɗa naka. Bakanike ya ɗaura faifai da kalifa, ya kama faifan da noti biyu don ya zauna daram. Auna daga tsakiyar hob zuwa wurin da ya fi tsawo a saman kalifa. Sannan ka ɗora ruler a kwance kan fuskar da rim ke zama, ka auna yadda kalifa ya fito ya wuce wannan fuskar, a wurare uku ko huɗu daga ƙasa zuwa sama, domin ba a miƙe yake ba. Zana a kwalin taliya, ka yanke. A cikin rim, gefen kwalin da ke miƙe zai kwanta kan fuskar da ke manne wa mota, alamar tsakiya kuma ta faɗa tsakiyar ramin rim.

Wani abu da ba kowa ke lura da shi ba: idan kalifan irin mai zamewa ne, yi awon da sabon fad. Yayin da fad ke cinyewa jikin kalifan yana matsawa ciki. Wanda ya auna da tsohon fad zai ga wuri, ranar da ya sa sabo kalifa ya dawo waje ya sami rim.

Gwaji a jikin mota

Kwali yana taimaka maka ka zaɓa ne, hukuncin ƙarshe sai an ɗaura. A ɗaga mota, a tokare ta da abu mai ƙarfi ban da jak, a sa rim a ɗaure notuna har ya zauna sosai. Juya da hannu kana saurare. Kunna fitilar waya, ka sa bidiyo ka zura ta tsakanin hannuwan rim ko ta baya, za ta nuna maka inda idonka ba zai kai ba.

Masu ƙera birki galibi suna neman tazarar milimita 2 zuwa 3 aƙalla ta kowane ɓangare, domin ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, rim kuma yana ɗan lanƙwasa a kwana. Ga dabara mai sauƙi: katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, haɗa tsofaffi huɗu ka samu kusan uku. Idan sun wuce ko'ina ba tare da ka danna ba, ka kai mafi ƙarancin abin da ake so. Inda kati ba zai shiga ba, a manna ɗan yumɓu a kan kalifa, a ɗaura rim, a cire, a yanka yumɓun a auna kaurin da ya rage. Yumɓu dai ba abin nema ba ne a ƙasar Haɗeja.

Ni a ganina milimita uku lissafin kwaltar Jamus ne. Wanda zai shiga Auyo, Guri ko Kirikasamma da damina, ko ya bi hanyoyin da ruwa ya ci tun ambaliyar 2022, ya nemi biyar. Lakar fadama tana manne wa cikin rim ta bushe kamar siminti, tana riƙe tsakuwa, tsakuwar kuma idan ta shiga tsakanin kalifa da ganga za ta zana layi a jikin rim zagaye guda. Kada ka manta da dalmar balansin da ake mannawa a ciki. Kaurinta kaɗai na iya cinye tazarar, don haka nuna wa mai balansin inda kalifa ke bi ya kauce masa. Daga nan a juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu. Wannan ba ya sauya tazarar kalifa, tunda tare suke juyawa, amma zai nuna maka ko taya na gugar jiki ko tiyon man birki.

Idan ya taɓa kaɗan, za ka ji shawarwari biyu a gareji. Ɗaya a goge kalifa ko bayan rim da giranda. Kada ka yarda, kalifa na riƙe man birki mai matsi, hannun rim kuma shi ke ɗauke da nauyin mota. Ɗaya kuma a sa sifesa. Sifesa na maganin tokarewar hannuwa, ba ta yi wa tokarewar sama wani abin kirki, kuma tana rage tsawon zaren da noti ke kamawa. A yawancin Toyota da Honda zaren M12x1.5 ne, ana son noti ya kama aƙalla milimita 12, wato juyi takwas cikakku. Ƙirga da hannunka. Idan bai kai ba, sai an sauya kusoshin zuwa masu tsawo, ko a haƙura da rim ɗin.

Ramuka su ma a duba. Yawancin Camry da Accord 5x114.3 ne, amma ramin tsakiya na Toyota 60.1, na Honda 64.1, don haka rim ɗin Camry na asali ba zai hau Accord ba. Corolla ta 2003 zuwa 2008 'yar Amurka 5x100 ce. Sharon kuwa 5x112, wanda ido zai ce daidai yake da 114.3, har noti ya fara shiga, amma a karkace yake kamawa. Wurin zaman noti ma ya bambanta: na Honda zagayayye ne, na rim ɗin alo na Toyota shimfiɗaɗɗe mai wosha, yawancin na kasuwa kuma mai tsini. Sayi notin da ya dace da rim, a ɗaure da sifana mai awo, kusan Nm 103 a Camry, 108 a Accord, a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100.

Jan murfin nan na roba mai rubutun Brembo da ake ɗorawa kan kalifa don ado, ba ya ƙara birki ko kaɗan. Wuri kawai yake ci, kuma idan ya kwance cikin rim zai faɗa.

Akwai farashin da babban rim ke zuwa da shi. Daga 205/55R16 zuwa 225/45R17 tsawon taya gaba ɗaya kusan ɗaya ne, 632 da 634, amma gefen taya ya ragu daga milimita 113 zuwa 101, kuma wannan gefen shi ke kare rim daga rami. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu gangaren dutse da zai dafa birki, kuma abin da babban birki ya fi yi shi ne jure zafi. A tsayawa ɗaya ta gaggawa, taya ce ke yanke hukunci. Idan birkinka ne ba ya gamsar da kai, fara da fad mai kyau, sabon man birki da tayoyin da ba su tsufa ba, mai yiwuwa ka tsaya a nan.

Idan kuma ka riga ka ɗaura babban kalifa, ciro safayar da ke but ka gwada ta a gaba tun kana gida. Sau da yawa ba ta shiga. In haka ne, ranar da tayar gaba ta yi faci a hanyar Nguru, safaya baya za ta je, ta baya kuma ta dawo gaba, saboda haka ka tabbata jak da sifanarka za su iya wannan aikin sau biyu.